Matar Janar Gage: ita ta tona asirin mijinta, ko jakar tsaba aka rataya mata?

Malam Habibu: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure mai albarka. A makon nan ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan yadda Amurkawa suka ɓalle daga mulkin mallakar Ingila, sai na ci karo da wata mas'ala da ta hana ni sakat, na ga ya dace in baje ta a gabanku. A daren 18 ga Afrilu, 1775, Janar Thomas Gage, babban kwamandan sojojin Ingila a Amurka ta Arewa kuma gwamnan Massachusetts, ya fitar da dakaru kimanin 700 daga Boston a asirce, ƙarƙashin Laftanar Kanar Francis Smith, domin su je garin Concord su lalata igwa da albarushin da 'yan tawaye suka tara a can. Tun kafin sojojin su gama tsallake kogin Charles a kwale-kwale, wani likita mai suna Joseph Warren, wanda yake cikin jagororin tawayen, ya riga ya tura mahaya biyu, Paul Revere da William Dawes, su tayar da ƙauyuka daga barci. Washegari aka gwabza a Lexington da Concord da kan hanyar komawa Boston, aka kashe sojojin Ingila 73 da mutanen ƙasa 49, kuma wutar da ta kama a ranar ba ta mutu ba sai a 1783.

Tambayar ita ce, wa ya kwarmata wa Warren? Amsar da ta fi yawo a bakin mutane, musamman tun bayan da masanin tarihi David Hackett Fischer ya ƙarfafa ta a littafinsa na 1994, ita ce matar Janar ɗin ce da kanta, Margaret Kemble Gage, haifaffiyar New Jersey a 1734, wadda ya aura a 1758. Ni dai ban san me zan gaya wa yara ba, shi ya sa nake neman ra'ayin manya.

Alhaji Ɗanladi: Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ni na daɗe da karanta wannan labari, kuma a ganina ba ya buƙatar dogon lissafi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yammacin ranar, Gage ya kira Lord Percy, ɗaya daga cikin manyan hafsoshinsa, ya gaya masa shirin, ya kuma ja masa kunne cewa sirri ne. Percy ya fito yana ratsa babban filin garin, ya rufe jikinsa da alkyabba, sai ya tarar da wasu mutane a tsaye suna hira, ɗayansu yana cewa sojoji sun fita amma ba za su sami abin da suke nema ba. Da Percy ya tambaye shi me suke nema, sai mutumin ya ce igwan da ke Concord. Percy ya koma da sauri ya shaida wa Gage, shi kuwa Gage ya ce lalle an ci amanarsa, domin ban da Percy mutum ɗaya tak ya gaya wa. To, ku gaya mini, wane ne mutum ɗayan da namiji yake gaya wa abin da ya ɓoye wa hafsoshinsa?

Ga kuma limamin wani coci a Roxbury, William Gordon, wanda ya zauna a yankin a lokacin, ya rubuta cewa wata mace mai kishin 'yancin ƙasa, wadda aka haɗa ta aure da wanda ra'ayinsu na siyasa ya saɓa, ita ce ta aika da gargaɗi. Tsohon gwamna Thomas Hutchinson shi ma ya rubuta cewa an gaya masa Margaret ta taɓa cewa tana fatan kada mijinta ya zama sanadin zubar da jinin 'yan ƙasarta. Bayan duk wannan, a watan Agusta aka sa ta a jirgin ruwa aka tura ta Ingila, mijin yana nan Boston. Idan wannan bai ishe ku ba, ban san abin da zai ishe ku ba.

Lauya Nafisa: Alhaji, da girmanka, ka jero abubuwa huɗu, amma da za a kawo su gaban alƙali ɗaya bayan ɗaya, ina jin ba ɗayansu da zai iya tsayawa da ƙafarsa. Labarin Percy bai fito daga alƙalamin Percy ba, kuma bai fito daga na Gage ba. Charles Stedman ne ya kawo shi a tarihin yaƙin da ya wallafa a 1794, wato shekara 19 bayan faruwar abin, shekara 7 bayan mutuwar Gage, kuma ko a cikinsa ba a ambaci mace ba balle a kama suna. An ce mutum ɗaya ne kawai, mu ne muke cusa matar a gurbin da aka bari. Sannan maganar ita kanta tana da rauni, domin ba a kwashe sojoji 700 a tsallake kogi da su cikin dare ba tare da rundunar ruwa ta ba da kwale-kwale da matuƙa ba, saboda haka ko da Gage bai faɗi sunan garin ba, mutanen da suka san ana shirin fita sun fi a ƙirga da yatsu. Sakataren Janar ɗin ma ɗan'uwan Margaret ne, Samuel Kemble, kuma wani ɗan'uwanta, Stephen Kemble, babban jami'i ne a ofishin rundunar. Me ya sa ba a ce ɗayansu ne mutum ɗayan ba?

Game da Gordon kuwa, sai mu karanta abin da ya rubuta a yadda yake. Cewa ya yi matar ta aika wa Samuel Adams, wani jagoran tawayen, saƙo, ba Warren ba, kuma abin da saƙon ya ƙunsa shi ne sojoji za su fito nan da 'yan kwanaki. Wannan ba shi ne saƙon daren 18 ba. Boston a lokacin cike take da gidajen da miji yake bayan Sarkin Ingila, mata tana bayan 'yan'uwanta, don haka siffar da Gordon ya bayar riga ce da za ta shiga mata da yawa.

Hajiya Rabi: Ni ban yi zurfin karatu irin naku ba, amma na yi zaman bariki fiye da shekara ashirin tare da maigidana kafin ya yi ritaya, kuma abin da Lauya ta faɗa game da yawan waɗanda suka sani ya tuna mini da rayuwar da na yi. Alhaji yana ganin kamar soja yana dawowa gida ya kwance wa matarsa bakin jaka. Wallahi ba haka abin yake ba. Maigidana bai taɓa ce mini gobe za mu tafi wuri kaza ba, amma kuma ba a taɓa fita da su ban sani ba tun kwana biyu ko uku kafin ranar. Mai wanki ne zai fara zuwa yana ƙorafin cewa kowa ya matsa masa a kawo kakinsa yau yau. Da daddare sai ka ji ana tayar da manyan motoci ana kai su shan mai, ba kuma lokacin da aka saba ba. A kasuwar mami, mai kanti da yake ba kurata bashi har ƙarshen wata zai rufe littafinsa ya ce yau sai da kuɗi hannu, domin ya ga suna sayen sukari da garin kwaki da sabulu fiye da na kullum. Masu tuwo da masu ƙosai sukan riga mu matan hafsoshi sani, har su ne suke mana jaje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk ranar da aka ce labari ya fita waje, ba a tuna mai wanki, ba a tuna direban da ya sha mai, sai a tara mu mata a yi ta mana wa'azi a kan tsegumi. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da aka ƙaurace wa wata da watanni saboda kawai ita 'yar garin da ake rikicin ce, alhali kuwa ko ƙofar bariki ba ta fita. Shi ya sa da na ji an ce wannan matar 'yar ƙasar ce, mijinta baƙo, sai na ce na san irin wannan shari'ar.

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da takardun lokacin suke nunawa ba tare da kin karanta su ba. Boston a 1775 kusan tsibiri ce, siririyar hanya ɗaya ta haɗa ta da tudu, kuma sojoji suna zaune ne a tsakiyar mutanen da suka tsane su tun da aka rufe tashar jiragen ruwan garin a watan Yuni na 1774, a matsayin horo kan ganyen shayin da aka zubar a teku. Ranar 15 ga Afrilu, Gage ya cire zaɓaɓɓun rukunonin dakarunsa daga aikin gadi da sunan za su koyi sabon atisaye, kuma a daren aka sauke kwale-kwalen da aka gyara aka ɗaure su a bayan jiragen yaƙi, kowa yana gani. Washegari, 16 ga wata, Revere ya hau doki ya je Lexington ya gargaɗi Samuel Adams da John Hancock, manyan jagororin tawayen, kuma a hanyarsa ta dawowa ne ya shirya da mutanen Charlestown, garin da ke tsallaken kogin, cewa za a rataya fitila a hasumiyar coci, ɗaya idan sojoji sun bi ta tudu, biyu idan sun bi ta ruwa. Kun ga ke nan an tsara alamar kwana biyu kafin daren da ake cewa matar ta yi magana. Mafi yawan makaman Concord ma an riga an kwashe su zuwa wasu garuruwa.

Revere da kansa ya rubuta a 1798 cewa su kimanin talatin ne, yawancinsu masu sana'ar hannu, suka kafa ƙungiyar sa ido a kan sojoji, suna yawo bibbiyu a titunan garin har gari ya waye. Kuma wannan ba shi ne karo na farko da Gage ya yi irin wannan samame ba, domin ya kwashe albarushi a kusa da Boston ranar 1 ga Satumba, 1774, ya kuma tura sojoji Salem a watan Fabrairu na 1775 neman igwa, suka dawo hannu rabbana. Wanda aka yi wa haka sau biyu ba ya buƙatar boka ya gaya masa inda za a nufa karo na uku.

Alhaji Ɗanladi: Na ji, kuma ban musa ba cewa gari ya ga alamu. Hajiya, ki yi haƙuri, ba ina nufin mata ba su da riƙon sirri ba ne. Amma ganin hadari daban, sanin gonar da ruwan zai sauka daban. Warren mutum ne mai taka-tsantsan, ya san cewa idan ya tayar da ƙauyuka a banza, gobe ba wanda zai fito. Bai saki mahayansa ba sai da ya sami tabbaci daga wani wanda ya amince da shi, kuma wani malamin coci na zamanin, Jeremy Belknap, ya rubuta cewa Warren ya tuntuɓi wani mutum na musamman wanda ya ba shi cikakken bayanin shirin. Wannan mutumin nake nema, ba masu leƙen kwale-kwale ba.

Auwalu: Iyayena, ku gafarce ni in sa baki a maganar manya. Na taɓa kallon wani fim mai dogon zango a kan wannan tawaye, inda aka nuna cewa soyayya ce tsakanin matar Gage da Likita Warren, har ta riƙa zuwa wurinsa a ɓoye. Shin akwai tushen wannan a tarihi, ko kuwa ƙirƙirar masu fim ce?

Lauya Nafisa: Auwalu, wannan gishirin masu fim ne, babu wata takarda ta zamanin da ta ce haka, kuma ka lura da yadda zargi yake girma idan aka bar shi: daga an ce wata mace, zuwa matar Janar, zuwa cin amanar aure.

Alhaji, na ji daɗi da ka kawo Belknap, domin shi ne ya fi kusa da abin da muke nema, amma shaidarsa ba ta taimaki ɓangarenka ba. Kalmar da ya yi amfani da ita a kan mutumin tana nufin wanda aka ɗauka aiki, wato wanda aka tanada ana ba shi wani abu. Margaret 'yar Peter Kemble ce, ɗaya daga cikin manyan attajirai kuma 'yan majalisar gwamnan New Jersey, tana da dangantaka da manyan gidajen New York, tana zaune a gidan gwamna. Wace lada likitan gari zai ba ta? Wannan siffa ta fi kama da bara, ko akawu, ko ƙaramin soja mai neman na shan giya.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Bayanin da Warren ya samu ya ce za a kama Adams da Hancock a Lexington, sannan a ƙona kayan Concord, kuma da wannan saƙo Revere ya isa Lexington tsakar dare. Amma rubutaccen umarnin da Gage ya ba Smith yana nan har yau, kuma babu maganar kama kowa a cikinsa, zancen makaman Concord ne kawai, har da gargaɗin kada sojoji su taɓa dukiyar mutane. Da sojojin suka isa Lexington ma ba su nemi gidan da shugabannin biyu suka kwana ba. Ashe ke nan wanda ya ba Warren labari rabin abin ya sani, rabin kuwa hasashe ne, kuma wanda ya ji magana daga bakin mai ita ba ya yin irin wannan kuskure.

Alhaji Ɗanladi: A nan kam, Lauya, kin ba ni sanda da hannunki. Ranar 14 ga Afrilu wasiƙar Lord Dartmouth, sakataren da ke kula da ƙasashen mallaka, ta iso hannun Gage daga Landan, kuma a cikinta an nemi ya kama jagororin majalisar 'yan tawaye. Gage ya ga hakan ba zai yi amfani ba, ya zaɓi makamai. To, wane ne zai san abin da ke cikin wasiƙar Landan amma bai ga umarnin ƙarshe ba? Bara ba ya karanta wasiƙar minista. Wadda take zaune a teburin cin abinci tana jin mijinta yana gunaguni kwana huɗu a kan abin da aka umarce shi, ita ce za ta haɗa biyun ta ɗauka duka za a yi.

Lauya Nafisa: Wannan hujja ce mai kyau, Alhaji, kuma ita ce mafi ƙarfi da ka kawo tun da muka fara. Abin da ya rage mata kaifi shi ne, an rubuta wasiƙar tun 27 ga Janairu, ta daɗe a hanya, kuma 'yan tawayen suna da masoya a Landan waɗanda labarinsu ya riga jirgin Sarki isowa. Shi ya sa Adams da Hancock suka bar Boston tun kafin wasiƙar ta shiga hannun Gage. Zancen za a kama su ya riga ya zama hirar kasuwa, saboda haka duk wanda ya ga sojoji sun nufi hanyar Lexington zai ɗauka su ake nema.

Malam Isiyaku: Ina biye da ku tun farko, kuma akwai wata ƙissa da duk muka sani wadda take ta zo mini a rai, ko da yake ba ina daidaita mutanen ba ne, yanayin kawai nake dubawa. Lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake shirin buɗe Makka a asirce, Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa ya ba wata mata ta kai. Aka tura Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu suka cim mata a Raudatu Khakh, ta musa, da suka matsa mata sai ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Da aka tambayi Haɗibu dalili, ya ce shi ba Baƙuraishe ba ne ta jini, iyalinsa suna Makka babu mai kare su, ya so ya yi musu wata alfarma ko sa ƙyale masa su. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, Alhaji yana da gaskiya cewa mutumin kirki yana iya fitar da sirri saboda danginsa suna ɗaya ɓangaren, wannan ba baƙon abu ba ne a halin ɗan Adam. Amma a waccan ƙissa an riƙe takarda a hannu kafin a tuhumi kowa, kuma an kira mai ita an ji ta bakinsa. A shari'ar wannan matar, dalilin da zai iya sa ta aikata muke da shi, ba mu da aikin, ba mu da kuma ta bakinta. Mu da aka gaya wa cewa wani sashen zato zunubi ne, ya kamata mu yi hattara ko da wadda ake zaton ba ta addininmu ba ce kuma ta shekara ɗari biyu a ƙasa.

Malam Habibu: Allah ya gafarta Malam, maganar takarda a hannu ta kai ni ga abin da ya fi ba ni mamaki a binciken nan. Takardun Gage da na Janar Henry Clinton, wanda ya riƙe rundunar daga baya, suna ajiye yanzu a ɗakin karatu na Clements da ke Jami'ar Michigan, kuma da masana suka buɗe su a ƙarni na 20 sun tona asirin mutane biyu. Na farko shi ne Likita Benjamin Church, wanda yake zama a cikin majalisar sirri ta 'yan tawayen tare da Warren da Adams. An kama shi a ƙarshen 1775 saboda wata wasiƙa mai rubutun ɓoye, amma takardun Gage ne suka tabbatar da cewa tun kafin Lexington yake kai rahoto. Wato a daidai lokacin da ake neman ɓarakar gidan Gage, babbar ɓarakar da aka tabbatar tana gidan abokan gabarsa.

Ta biyu kuwa matar kwamanda ce ita ma, Peggy Shippen, matar Janar Benedict Arnold na ɓangaren Amurkawa, wanda ya ƙulla sayar da sansanin West Point ga Ingila a 1780. Da asiri ya tonu mijin ya tsere, sai ta yi ta kururuwa da sambatu riƙe da jaririnta kamar wadda ta zautu, har George Washington, babban kwamandan Amurkawa, da mataimakinsa Alexander Hamilton suka tausaya mata suka ce ba ruwanta. Takardun Clinton sun nuna cewa da hannunta dumu-dumu a musayar wasiƙun, kuma Sarkin Ingila ya yanka mata fansho na fam 500 a shekara. Wadda ta aikata an wanke ta a zamaninta, wadda ba a sami ko layi ɗaya a kanta ba kuwa ita muke tuhuma har yau.

Alhaji Ɗanladi: Malam Habibu, wannan kwatance yana da daɗin ji, amma kada ya ruɗe mu. An sami sunan Church da na Peggy a takardun Ingila ne saboda Ingila suka yi wa aiki, kuma mai biyan kuɗi yana ajiye lissafi. Wanda ya yi wa Warren aiki, a wurin Warren za a neme shi, shi kuwa an kashe shi a yaƙin Bunker Hill ranar 17 ga Yuni, wata biyu kacal bayan abin, ya tafi kabari da sirrinsa. Gage kuma, in har ya gano matarsa ce, kuna tsammanin zai zauna ya rubuta abin kunyar gidansa ya ajiye wa jikoki? Shirun takardu a nan ba ya wanke kowa. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa mini zancen jirgin watan Agusta.

Hajiya Rabi: Alhaji, bari ni in amsa maka wannan, domin an taɓa kwashe mu da yara a mota cikin dare aka mayar da mu gida lokacin da wuri ya ɗauki zafi, kuma ba wadda aka kora a cikinmu. Namijin da ya kama matarsa da irin wannan laifi a watan Afrilu ba zai bar ta ta ci gaba da kwana a gidan da ake tsara yaƙi har wata huɗu ba. Abin da ya faru tsakanin Afrilu da Agusta shi ne an yi wa garin ƙawanya, abinci ya yi wuya, sannan aka yi wancan yaƙin da ka ambata. Wane mai hankali ne zai bar iyalinsa a irin wannan wuri in yana da halin fitar da su?

Lauya Nafisa: Gaskiyar Hajiya ce, kuma alƙaluma suna bayanta. A Bunker Hill sojojin Ingila fiye da 1,000 ne aka kashe ko aka raunata a yini ɗaya. Jirgin da Margaret ta shiga, mai suna Charming Nancy, ɗauke yake da raunanan sojoji da matan da aka kashe wa maza da marayu, ba jirgin da aka keɓe don korar mace ɗaya ba ne. Gage shi ma an kira shi gida, ya bar Boston a watan Oktoba, William Howe ya karɓi rundunar. A Landan suka ci gaba da zama tare, kuma a 1777 ta haifa masa William Hall Gage, wanda ya girma ya kai ƙololuwar muƙami a rundunar ruwan Ingila. Masu cewa aure ya mutu a daren 18 ga Afrilu sai su yi mana bayanin wannan yaron.

Na yarda da Alhaji a kan abu ɗaya, cewa mutuwar Warren ta rufe ƙofar da za a iya samun tabbaci ta kowane ɓangare. Sai dai a inda na koyi aiki, wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja. Akwai kuma dalilin da ya sa zargin ya sami wurin zama tun farko. Hafsoshin Gage sun daɗe suna jin haushinsa saboda yana hana su taɓa mutanen gari, yana hukunta sojan da ya yi rashin ɗa'a, har suna kiransa tsohuwa a bayan idonsa. Sun ga matarsa 'yar ƙasa ce, 'yan'uwanta biyu suna riƙe da muƙamai a ofishinsa, ga ta da ƙasaita, wanda duk ya ga hoton da John Singleton Copley ya zana mata a 1771, tana kishingiɗe a kujera cikin shigar Turkawa, zai gane irin macen da ake magana. Rundunar da manoma suka kora da gudu tun daga Concord har bakin Boston tana buƙatar bayanin da ba zai ce manoman sun fi ta shiri ba.

Hajiya Rabi: Ita kuma maganar da tsohon gwamna ya rubuta an ce ta faɗa, cewa kada mijinta ya zubar da jinin 'yan ƙasarta, ni ban ga laifi a cikinta ba, domin na yi irin wannan addu'a a kan sallaya ba sau ɗaya ba. Mahaifinta da 'yan'uwanta suna bayan Sarki, ba 'yan tawaye ba ne. Kuma in jini take gudu, aika wa mutane su fito da bindigogi su tare sojojin mijinta ba ita ce hanyar hana shi zuba ba.

Alhaji Ɗanladi: Sai dai in ta ɗauka cewa idan aka kwashe makaman aka ɓoye shugabannin, sojoji za su je su dawo ba a harba ko harsashi ɗaya ba, kamar yadda aka yi a Salem wata biyu kafin nan. Ba wanda ya san za a yi harbi a filin Lexington, har yau ma ba a san wanda ya fara ba. Na sauko daga cewa tabbas ita ce, Lauya ta karɓe mini Gordon, Hajiya ta karɓe mini jirgi, amma mutum ɗayan nan na Gage yana nan a raina, kuma ban cire sunanta daga cikin waɗanda za su iya zama shi ba.

Malam Habibu: Na gode muku ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Abin da zan yi ranar Litinin shi ne in fassara wa ɗalibai abin da Stedman da Gordon da Belknap suka rubuta, kowanne da shekarar da aka rubuta shi da nisansa da daren, in haɗa musu da umarnin Gage ga Smith, ba tare da na fara ambata sunan Margaret ba, in ga ko akwai wanda zai kai kanta da kansa. Hajiya, in kin ba ni izini zan karanta musu abin da kika rubuta a kan mai wanki da kasuwar mami.

Hajiya Rabi: Na ba ka izini, Malam, amma ka cire sunana, domin maigidan yana nan da ransa kuma har gobe yana ganin ban taɓa sanin ranar tafiyarsa ba.